Wasiƙar Hannu a Zamanin WhatsApp: Yadda Za Ka Samu Abokin Wasiƙa Ka Kuma Tsare Kanka

A watan Maris na shekarar 2025 kamfanin PostNord, wanda ke riƙe da aikin gidan waya a ƙasar Denmark, ya sanar cewa zai daina raba wasiƙu a ƙarshen shekarar. Ƙasar da ta fara aikin gidan waya tun 1624 ke nan. Dalilin da kamfanin ya bayar shi ne yawan wasiƙun da ake aikawa ya ragu da sama da kashi 90 cikin 100 daga shekarar 2000 zuwa yau. Don haka ya ce zai cire jajayen akwatunan jefa wasiƙa guda 1,500 daga tituna, ya mayar da hankali kan kai kayan da mutane ke saye ta intanet. Mai son aika wasiƙa sai ya nemi kamfani mai zaman kansa.

In shekarunka ba su wuce ashirin da biyar ba, da wuya wannan labari ya dame ka. Wataƙila ba ka taɓa manna kan sarki a jikin ambulan ba, ba ka kuma taɓa ganin sunanka da rubutun hannun wani a kan takardar da ta yi tafiyar mako biyu kafin ta iso ba. Amma abin da ke hannunka yanzu daga can ya samo sunansa. Kalmar "waya" ta fito ne daga wayar ƙarfe da ake buga telegiram da ita, kuma ofishin da ake zuwa bugawa shi ne gidan waya. "Kan sarki" kuwa ya samu sunansa ne saboda hoton kan sarkin Ingila da ke jikinsa a zamanin mulkin mallaka.

A daidai lokacin da wasiƙa ke mutuwa a matsayin hanyar sadarwa ta dole, akwai mutane a ƙasashe da dama da suka ɗauke ta abin sha'awa, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru ko ɗinkin hula. Abin mamakin shi ne da wayar salula da intanet suke samun junansu. A wannan maƙala za mu duba yadda abin yake, inda ake samun abokin wasiƙa, kayan da ake bukata, da kuma haɗarin da ya kamata ka sani kafin ka ba baƙo adireshinka.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Tun kafin Turawa su kawo gidan waya, malamai da sarakunan ƙasar Hausa suna musayar takardu da Larabci da ajami. A farkon ƙarni na 19 Muhammadu Bello da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno sun yi doguwar muhawara ta wasiƙa a kan jihadi, kowa na kawo hujjarsa a rubuce, kuma Bello ya adana wani ɓangare na takardun a littafinsa Infaƙul Maisuri. A 1824 Bature matafiyi Hugh Clapperton ya bar Sakkwato ɗauke da wasiƙar Sarkin Musulmi Bello zuwa ga Sarki George na Huɗu na Ingila. Da a ce ta baki aka yi waɗannan maganganu, da yanzu sai dai a ce an ce.

Da boko ya zo, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, ta riƙa buga wasiƙun masu karatu daga garuruwa daban-daban. Sai rediyo ya ɗora. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kuma shekara da shekaru ta wasiƙa masu sauraro ke aika tambayoyi da gaisuwa zuwa London. A Rediyon Kaduna, shirin Zaɓi Sonka ya haɗa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Mutum zai sayi kati, ya jera sunayen waɗanda yake gaisarwa, a karanta a iska, wani a Maraɗi ko Kumasi ya ji sunan ya mayar da gaisuwa. Daga nan aka samu ƙungiyoyin masu sauraro da zumunci na gaske. In ka lura, kafar sada zumunta ce sukutum, sai dai kowane saƙo yana ɗaukar kwanaki.

Tambayi mahaifinka ko gwaggonka da suka yi makarantar kwana, za su ba ka labarin ranar da ake kiran sunayen waɗanda suka samu wasiƙa. Waɗanda ba su iya rubutu ba kuwa sukan je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, ko su ɗauki magana a kaset su ba mai tafiya Makka ko Kurmi ya kai. Zuwan layukan GSM Najeriya a 2001 shi ya ture wannan duka cikin 'yan shekaru.

Me wasiƙa ke da shi da chat ba shi da shi?

Abu na farko shi ne babu mai tsare ka da jiran amsa. Tun watan Nuwamba na 2014 da WhatsApp ya kawo shuɗiyar alamar nan mai nuna an karanta saƙo, shiru ya zama laifi. Ka karanta ba ka amsa ba, an yi fushi. Ka amsa cikin gaggawa, ka faɗi abin da ba ka yi niyya ba. Da wasiƙa kana da mako guda ka yi tunani, ka rubuta, ka yaga, ka sake. Wanda ka aika wa ma ya san amsarsa ba ta yau ba ce.

Na biyu, takarda ba ta da maɓallin gogewa, kuma ba a kwafe ta a tura wa mutum hamsin. Wannan yana sa mutum ya tsara maganarsa kafin ya sa biro. Lokacin da Nelson Mandela ya fara zaman kurkuku a tsibirin Robben, wasiƙa ɗaya tak aka yarda ya aika a wata shida, kada ta wuce kalmomi 500, kuma masu tacewa suna yanke duk layin da bai yi musu ba. Waɗannan wasiƙu da ya rubuta wa iyalinsa da sauran jama'a an tattara su an buga littafi a 2018, ana karanta su har yau. Ba a fatan kowa ya shiga irin wannan hali, amma darasin a fili yake: in aka ƙayyade maka kalmomi, sai ka san waɗanda suka cancanci shiga.

Na uku ya shafi ƙwaƙwalwa. A watan Janairu na 2024 masu bincike biyu na jami'ar kimiyya da fasaha ta Norway da ke Trondheim, Audrey van der Meer da Ruud van der Weel, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ɗalibai 40. Sun sa musu hula mai na'urorin auna aikin ƙwaƙwalwa guda 256, suka ce su rubuta wasu kalmomi da hannu, wasu kuma su buga a kibod. Sun ga sassan ƙwaƙwalwa sun fi haɗuwa da juna a lokacin rubutun hannu. A yi hattara dai, gwajin na kalmomi ne ɗaiɗai, kuma da yatsa ɗaya ɗaliban suka yi bugun, don haka ba hujja ba ce cewa rubuta wasiƙa zai ƙara maka maki a jarrabawa. Abin da ya nuna shi ne zana harafi da hannu aiki ne daban da bugawa a kibod.

Akwai kuma ribar da ta shafe mu masu Hausa kai tsaye. A waya da yawanmu ba ma damuwa da ɓ da ɗ da ƙ, ga kuma gajarce kalmomi har "lafiya" ta koma haruffa uku. A takarda lanƙwasa harafi ba ya cin komai. Wanda ya saba rubuta cikakkiyar jimla da hannu zai ga amfaninsa ranar da aka ce ya rubuta takardar neman aiki ko amsar jarrabawa mai shafi uku.

Abu na ƙarshe shi ne daɗewa. Waya ta faɗa ruwa, ko an sace ta a kasuwa, ko ka canza layi ba ka adana komai a Google Drive ba, hirar shekara biyar ta tafi. Takardar da aka ajiye a ƙasan akwati tana iya kai wa jikoki.

Inda ake samun abokin wasiƙa

Hanya mafi sauƙi ga mai wayar Android ko iPhone ita ce manhajar Slowly, wadda aka ƙirƙira a Hong Kong aka sake ta a 2017, ta kuma ci kyautar Google Play a 2019. Rubutun a waya ake yin sa, amma manhajar tana jinkirta isar saƙon gwargwadon nisan da ke tsakaninku. In kuna kusa zai iya isa cikin rabin awa, in kuwa mutumin yana wancan gefen duniya sai ya kai kwana biyu da rabi. Ba a sa hoton fuska a shafin mutum, zanen katun ne da laƙabi. Za ka zaɓi harsunan da kake ji da abubuwan da kake sha'awa, kamar ƙwallo, girki ko tarihi, manhajar ta nuna maka masu irin ra'ayinka. Akwai kan sarki na cikin manhaja da ake tarawa. Kyauta ce, sai dai akwai ƙarin abubuwa na kuɗi ga mai so. Tun da rubutu ne zalla, ba ta cin data sosai. Wuri ne mai kyau na gwaji: in ba ka iya jure jiran kwana biyu ba, to jiran gidan waya zai yi maka wuya.

Ta biyu ita ce shafin Postcrossing, wanda wani ɗan ƙasar Portugal mai suna Paulo Magalhães ya buɗe a 2005. Shi na kati ne na gaske mai hoto, wanda ake rubutu a bayansa a aika ba tare da ambulan ba. Za ka yi rajista kyauta, ka nemi adireshi, shafin ya zaɓo maka wani mamba daga ko'ina a duniya tare da lamba ta musamman da ke farawa da haruffan ƙasarka, NG ga Najeriya, NE ga Nijar, GH ga Ghana. Sai ka rubuta lambar a jikin katin ka aika. Ranar da katin ya isa, mutumin zai shigar da lambar a shafin, daga nan sai a ba wani mamban daban adireshinka shi ma ya aiko maka. Sabon shiga yana iya samun kati biyar a hanya lokaci guda, kuma in kati ya wuce kwana 60 bai isa ba, ana ba ka damar aika wani. An riga an yi musayar kati sama da miliyan 70 ta wannan shafi, Jamus ce kan gaba wajen aikawa. Ka sani cewa ba dole ba ne wanda ka aika wa ya amsa maka, domin tsarin na zagaye ne. Amma akwai wurin da mamba ke nuna yana son musaya kai tsaye, kuma daga nan abota ke farawa. Da yake mambobi daga Afirka ta Yamma ba su da yawa, kati mai hoton ganuwar Kano, hawan daba, ko masallacin Agadez abu ne da masu tarawa ke murna da shi.

Ta uku, wadda muka fi ba sabon shiga shawara a kai, ita ce ta gida. Kakarka da ke ƙauye, abokin da kuka yi sakandare ya tafi karatu Sudan ko Masar, yayarka da aka kai aure wani gari, ƙaninka da ke makarantar kwana inda aka hana riƙe waya, malamin firamare da ya koya maka karatu ba ka taɓa yi masa godiya ba. Waɗannan ba sai ka yi tunanin ko amintattu ne ba, kuma su ne wasiƙarka za ta fi yi wa daɗi.

Kayan aiki: kada ka kashe kuɗi tukuna

In ka shiga Instagram ko TikTok ka ga masu wannan sha'awa, za ka ga alƙaluma masu tsada da takardu masu ado da hatimin kaki, har ka ɗauka sai mai kuɗi. Biro da fallen takarda sun isa. Ita kalmar "biro" ma sunan mutum ce, László Bíró, ɗan jaridar ƙasar Hungary da ya yi rajistar ƙirƙirar a 1938.

Farar takardar A4 ta hoto-kwafi mai nauyin giram 80 ta wadatar. Kowane falle giram 5 ne, kuma yawancin gidajen waya matakin farko na farashinsu giram 20 ne, wato falle uku da ambulan. In ka wuce haka kuɗin zai iya ƙaruwa. In rubutunka na karkacewa, ja layuka masu kauri a wata takarda ka sa ta a ƙasa, za ka hango su. Doguwar ambulan tana ɗaukar A4 da aka ninka uku, ƙaramar kuma wadda aka ninka huɗu.

In abin ya shiga ranka, sai ka gwada alƙalami mai shan tawada. Akwai masu araha na kamfanonin China irin su Hero da Jinhao, akwai kuma Pilot da Lamy ga mai hali. Yana sa hannu ya yi laushi domin ba a danna shi, amma tawadarsa tana ratsa siririyar takarda, tana kuma narkewa in ruwa ya taɓa ta. Saboda haka adireshin bayan ambulan da biro za ka rubuta shi, musamman da damina. Bahago ya nemi tawada mai saurin bushewa don kada hannunsa ya shafe rubutun.

Wanda ya yi makarantar allo yana da abin da Turawa ke biyan kuɗi su koya. Ka iya feƙe alƙalamin kara, ka san yadda ake haɗa tawada da ƙaro, ka ga zayyana. Ƙaramin zane irin na zayyana a gefen takarda, ko sunan abokinka da ajami a saman shafi, ya fi duk wata sitika da za ka saya. Ka dai guji rubuta ayoyi ko sunayen Allah a katin da zai bi hannaye ba ambulan, ko ga wanda ba ka san yadda zai riƙe takardar ba.

To me zan rubuta?

Wannan ita ce tambayar da ke tsayar da mutane. Iyayenmu suna da tsari da ke sauƙaƙa farawa: gari da kwanan wata a sama, sallama, gaisuwa da tambayar mutanen gida, sannan "bayan haka" a shiga magana, a rufe da "haza wasalam". Har yanzu yana aiki. Ga misalin yadda jika mai bautar ƙasa zai iya rubuta wa kakarsa:

"Assalamu alaikum Hajiya, uwargidana ta kaina. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar taki? Bayan haka, ina sanar da ke na isa lafiya, an tura ni wata makaranta ina koyar da lissafi. Garin nan ruwa ake yi kullum, wanki sai ya kwana biyu bai bushe ba. Kukar da kika ƙulla mini ta kusa ƙarewa, domin abokan ɗakina sun gano daɗinta. In kika yi wasa zan yi miki kishiya a nan, sai dai har yau ban samu wadda ta iya dama fura irin taki ba. A gaida Baba Ƙarami da su Inna. Ki sa ni a addu'a."

Ka lura babu wani babban labari a ciki. Ƙananan abubuwa ne da aka gani da ido, kuma su ne ke sa mai karatu ya ji kamar yana wurin. Haka abin yake in baƙo kake rubuta wa a wata ƙasa. "Ina zaune a Najeriya, ina son ƙwallo" ba ya ba shi abin kamawa. Gaya masa yadda hazo ke rufe gari da hunturu har jirgi ya kasa sauka, yadda ake cinikin ragon layya, abin da mai shayin unguwarku ke sa wa a rediyo da safe. Ka amsa tambayoyin da ya yi maka a wasiƙar baya, ka kuma bar masa tambaya ɗaya ko biyu don ya samu abin farawa. In ka yi kuskure, ja layi ɗaya a kai ka wuce. Siyasa da addini a bari sai an san juna, kuma in an zo kansu a yi da ladabi.

Yadda ake aikawa

A Najeriya hukumar NIPOST ce ke da gidajen waya, a Nijar kuma Niger Poste. Sunan wanda za a kai wa da adireshinsa a tsakiyar ambulan, naka a kusurwar hagu ta sama ko a baya, kan sarki a kusurwar dama ta sama. In ƙasar waje ce, layin ƙarshe sunan ƙasar ne da manyan baƙaƙe, da Turanci ko Faransanci. Lambar yanki ta Najeriya lambobi shida ce, misali babban gidan waya na Kano 700001, na Kaduna 800001, na Abuja 900001. Kada ka yi hasashen kuɗin kan sarki, domin farashi na canzawa. Kai wasiƙar kanta a auna ta a gaya maka.

In takardar na da muhimmanci, nemi a yi mata rajista. Za a ba ka lamba mai haruffa da lambobi 13, tana ƙarewa da haruffan ƙasar da ta fito, wadda za ka iya bibiya a intanet. Ta fi tsada, amma ka san inda ta kwana.

Karɓa ita ce ta fi wuya, domin unguwanni da yawa ba su da lambar gida da sunan titi da ma'aikaci zai bi. Maganin shi ne hayar akwatin gidan waya, wanda ake biya shekara-shekara a ba ka makulli. Kuna iya haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku kama ɗaya. Ɗalibi na iya amfani da adireshin makarantarsa ko sashensa, in hukumar wurin ta yarda. Wasiƙar ƙasar waje tana ɗaukar makonni, wani lokaci fiye da wata, wata ma ta ɓace. Shi ya sa ya kamata ka ɗauki hoton kowace wasiƙa kafin ka liƙe ambulan.

A cikin gida kuwa tsohuwar hanya tana nan: direban mota a tasha, ko ɗan'uwa mai tafiya. Rubuta lambar wayar mai karɓa a bayan ambulan, ka sa ta a leda saboda ruwa.

Tsaro: nan ne ba wasa

Dole mu faɗi gaskiya. Damfarar nan da duniya ta sani da 419, wadda ta samo sunanta daga sashe na 419 na kundin laifuffukan Najeriya, ta wasiƙar gidan waya da fas ta yi ƙarfi kafin imel ya zo. Saboda haka wasu baƙi suna ɗari-ɗari da duk saƙon da ya fito daga Najeriya. Abin da ciwo, amma maganinsa a hannunka yake. Kada ka taɓa roƙon abokin wasiƙa kuɗi, waya, biza ko kuɗin makaranta, ko da wasa. Roƙo ɗaya ya isa ya kashe abotar, ya kuma ɓata wa na bayanka.

Kai ma ana iya cutarka. Duk wanda ya fara maganar soyayya a wasiƙa ta biyu, ko ya matsa ku koma WhatsApp ko Telegram nan take, ko ya ce ya aiko maka da kyauta amma sai ka biya kuɗin kwastan, ko ya kawo maganar zuba jari a kirifto, rabu da shi ka kai ƙararsa a manhajar. Kada ka ba kowa lambar BVN ko NIN, hoton katin shaida, ko lambar sirri da banki ya turo maka. Kada ka sa kuɗi a ambulan.

Adireshin gida ba na baƙo ba ne. Lambar waya ana toshe ta, amma wanda ya san ƙofar gidanku ya sani ke nan. Yi amfani da akwatin gidan waya. Wannan ya fi shafar 'yan mata: ki fara da laƙabi a manhaja, kada ki faɗi sunan makarantarku da unguwarku da lokacin fitarki, kada ki aika hoto don an matsa miki. Wanda bai kai shekara 18 ba ya yi da sanin iyayensa, su ga wasiƙun da ke shigowa. Sannan in za ka ɗora hoton katin da ka samu a shafinka, rufe adireshinka da na mai aikowa, kuma kada ka wallafa abin da mutum ya rubuta maka sai da izininsa. Wasiƙa amana ce.

Inda wayarka za ta taimaka

Ba cewa muke ka jefar da waya ba. Manhajar Google Drive tana da wurin sikanin takarda da kyamara ta mayar da ita PDF, haka ma Notes a iPhone. Buɗe folda guda ka riƙa adana abin da ka aika da abin da ka samu, da kwanan wata. Google Lens na iya karanta rubutun hannu mai kyau ya fassara shi, in aka rubuto maka da Jamusanci ko Sifaniyanci. In gidan waya ya yi maka nisa, rubuta da hannu, ka ɗauki hoto a wuri mai haske, ka tura ta WhatsApp, ku yi alƙawari da abokinka cewa amsa ma da hannu za ta zo, ba kafin mako guda ba. Ba daidai yake da riƙe takardar ba, amma rubutun naka ne. Lokacin da za ka zauna rubutu kuma, sa wayar a yanayin jirgin sama na minti talatin.

Ga masu son dalilin farawa, akwai ranaku. Ranar 1 ga Oktoba ita ce ranar kati ta duniya, domin a irin ranar ce a 1869 aka fitar da katin gidan waya na farko a daular Austria da Hungary. Ranar 9 ga Oktoba ranar gidan waya ce ta duniya, tunawa da kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, a birnin Bern a 1874. Ita wannan ƙungiya tana shirya gasar rubuta wasiƙa ta yara tun 1971, ga 'yan shekara 9 zuwa 15, kuma hukumar gidan waya ta kowace ƙasa ce ke tace na gida, don haka in kana da ƙani ko ƙanwa mai son rubutu ka tambaya masa a gidan waya. A watan Fabrairu kuma akwai masu ɗaukar alƙawarin rubuta wasiƙa ɗaya kowace rana har watan ya ƙare.

Kai ba sai ka yi ashirin da takwas ba. Shiga saitin wayarka, ka buɗe Digital Wellbeing a Android ko Screen Time a iPhone, ka ga awa nawa ka yi a kan sikirin jiya. Cire rabin awa daga ciki a wannan makon, ka zaɓi mutum ɗaya da ka daɗe kana cewa za ka kira ba ka kira ba, ka cika masa shafi guda. In ka je aikawa, tambayi kuɗin hayar akwati, domin amsar ta samu wurin sauka.